Ƙasar Zauren Dabo

Duk wanda ya taɓa riƙe cebur da sunan gini a Katsina ya san Dabo Magini. Za a gaya maka shi ne ya ɗaure rufin zaure ba ginshiƙi a tsaka, har mai rawani ya shiga bisa doki bai sunkuya ba. Za a ce tubalinsa in ya bushe, gatari ma tsalle yake yi a kai. Wasu har cewa suke da hannunsa a ganuwa, ko da yake ba wanda ya taɓa nuna wurin. Labarin Dabo kullum ƙara ƙiba yake yi. Abin da ke ramewa shi ne zaurensa na Ƙofar Marusa, wanda shi kaɗai ya rage cikin duk abin da ya gina.

Hafsat ce ke zaune a gidan. Jininsa ce ta wajen uba, tela ce, kuma tun rasuwar mijinta ta kwaso kekenta ta dawo don ta kula da mahaifiyarta, Inna, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Ɗakin Inna bango ɗaya suke da zauren. In bangon nan ya faɗi, a kan gadon tsohuwa zai faɗi. Hafsat ta san haka, da shi take kwana da shi take tashi.

Ba tsufa ke cin bangon ba, masoya ne. Tun zamanin kakanni, magini in zai kafa harsashi yakan zo ya ɗan tsakuri ƙasa a gindin zauren, ya zuba a kwaɓinsa na farko don neman albarkar hannun Dabo. Amma a da abin da ƙa'ida. Duk wanda ya ɗiba, kafin ruwa ya sauka sai ya dawo da jakinsa da mangalar jar ƙasa, a taru a yi wa zauren yaɓe, a bi shi da makubar ɗorawa don kada ruwa ya ci shi, Inna ta tuƙa musu tuwo. Hafsat ta ga haka da idonta tana yarinya. Da Baba, mahaifinta, ya rasu, ranar yaɓe ta bi shi kabari, ɗiba kuwa ta hayayyafa. Masu ginin bulo na zuwa da leda. Ɗalibai na zuwa in jarrabawa ta matso. Mai buɗe shago, mai neman kujera, mai juna biyu, kowa da ƙullinsa. Me ya haɗa magini da naƙuda, Allah kaɗai ya sani. Yau da gobe ba ta bar komai ba, sai ga rami a gindin bangon har kazar maƙwabta ta mayar da shi akurki.

Hafsat ta yi kora har muryarta ta dushe. Ta jibga ƙaya, suka janye. Ta jera bulo, aka sace bulon. Unguwa ta sa mata suna mai baƙin ciki. Wata rana ta kama wani ƙato durƙushe yana kankara da cokali, da ta yi masa magana sai ya ɗago a fusace ya tambaye ta ko ƙasar ubanta ce.

“Ta ubana ce,” in ji Hafsat. “Ta uban ubana ce. Kai taka ta ina?”

Abin da ya fi ƙona mata rai, Inna ma ba ta bayanta. Tsohuwa ta ce ba a hana mai neman albarka, kuma bangon da Dabo ya ɗora ba ya faɗa wa nasa. Zancen ta koma ɗakin Hafsat da ke can ƙuryar gida kuwa, ba ta ko son a kawo shi. A ɗakinta na jikin zaure aka kawo ta amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan za a ɗauke ta.

Saura Yaya Lawal, babban wansu, wanda ya gina gidansa na siminti a bayan gari, da tayil har banɗaki. Shi ne shugaban ƙungiyar jikokin Dabo, shi ake kira gidan rediyo in za a yi zancen mazan jiya, kuma wallahi ya iya baki. In ya fara siffanta yadda Dabo ke murza ƙasa a yatsa ya san ko ta nuna, sai ka rantse a gabansa aka yi. Hafsat ta same shi tun bazara ta ce a yi yaɓe. Ya gyara zama ya ce ba za a taɓa bangon ba, saboda baƙi daga nesa suke zuwa ganin sawun yatsun Dabo, sabon yaɓe kuwa zai rufe su. Ta kalle shi har sai da ya kau da kai. Sawun yatsun nan na Baba ne, daga yaɓen ƙarshe da aka yi, kuma Lawal ya sani, don shi ya yi ta jidar ruwa ranar yana kumbure-kumbure.

Ana cikin haka sai ya shirya taron tunawa da Dabo. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru, aka kawo lasifika. Malamai suka yi jawabi, aka yi tafi. Hafsat tana ciki tana ɗinkinta, ta ce ba inda za ta, sai ta jiyo wani ƙwas-ƙwas ta bayan gadon Inna. Ta zura mayafi ta fito. Mutanen Lawal ne durƙushe a bakin ramin, suna ɗura ƙasa cikin 'yan jakunkuna masu sunan ƙungiya, tsarabar manyan baƙi.

Ba ta san sanda ta ratsa kujerun ba. Ta tsaya gaban wanta.

“Yaya, Inna tana bayan bangon ga,” ta ce. “Uwarka. Ka sa a kankare mata bango don ka ba baƙinka tsaraba?”

Lawal ya yi murmushin nan na mutanen da ake kallo, ya rage murya ya ce ta dubi mutane, kada ta ba su kunya, za su yi magana in an tashi. An tashi, ya raka baƙi mota, ya shiga tasa. Maganar ke nan har yau.

Damina ta kankama. Tsaga ta fito daga bakin ramin ta hau sama, tun ana zura tsinke har ana zura hannu. Kullum da safe sai Hafsat ta kakkaɓe burbushin ƙasa daga bargon Inna. Ta kira Lawal a waya, ya ce ya kafa kwamiti.

Ranar da abin zai faru, bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Hafsat ta shiga ɗakin Inna ta tarar ruwa na bin bango ta ciki, ja wur, azara kuma na ƙara a sama. Ba ta nemi izini ba. Ta juya baya ta sungumi Inna ta goya ta. Tsohuwa ta yi ta dukan kafaɗarta da 'yan hannuwanta, tana cewa ta aje ta, ba ita ta haife ta ba, ba ta yafe ba. Hafsat ta cije ta ratsa tsakar gida ruwa na dukansu, tana kuka, kukan haushi, ba na tausayi ba. Tana dire ta a kan katifarta suka ji shi. Bai ma yi wata ƙara ta a zo a gani ba. Zauren ya durƙusa ne kawai, ya tafi da ɗakin Inna da gadonta da duk abin da ta tara.

Inna ta kwanta a kan katifar. Ta juya fuska ga bango.

Ruwa na tsagaitawa sai ga mutane. Da Hafsat ta jiyo hayaniya, har zuciyarta ta ɗan yi sanyi, ta ɗauka gudummawa aka kawo. Ta leƙa. Da buhuna suka zo, da bokitai, da baro, har da mai keke-napep ya yi ribas ya kafa bayansa a bakin tudun. Labari ya zaga gari cewa daga wannan ba sauran ƙasar Dabo. Malam Yahaya, wani tsohon magini da ya sha cin tuwon Inna a ranakun yaɓe, ya hango ta, ya yi mata jaje mai tsawo, ya tambayi jikin tsohuwa, duk hannunsa bai daina cika bokiti ba. Lawal ma ya iso, ya yi salati, ya share hawaye, ya ɗauki hoto. Sannan ya sa aka ware masa azarorin da ba su karye ba.

Hafsat ta koma ciki ta zauna a bakin katifa. Ta gaji da faɗa, amma ranta bai huce ba, ko kaɗan. Gara ma a ce ƙiyayya ce ta rushe shi, da ta san wanda za ta zaga.

Can sai Inna ta motsa. Ba ta juyo ba, ta dai miƙa hannu ta nuna kwanon shan ruwanta, wanda Hafsat ta fito da shi wanki tun safe.

“Hafsatu,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Tahi ki ɗebo mani tawa, kahin su ƙarar.”

Tun da aka haife ta, Hafsat ba ta taɓa tsakurar ko ƙwayar ƙasa daga bangon nan ba. Ta daɗe tana kallon bayan uwarta. Sannan ta ɗauki kwanon ta fita, ta taka ta inda ɗakin Inna yake a da, ta sunkuya. Sai wani saurayi da ba ta taɓa gani ba, da buhu a kafaɗa, ya tare ta da hannu.

“Haba Hajiya, ki bi layi mana. Mu ma tun ɗazu muke nan.”

Hafsat ta dubi saurayin sama da ƙasa. Ta dubi tudun, an riga an kwashe rabinsa, ta tuna Inna na jira. Ta zagaya can baya, kusa da kwata, ta tsaya bayan wata mata mai goyo, da kwanon a hannunta.