Turkuɗin Inna a Mashin Wanki

Kafin Zinatu ta ɗago kai daga jakarta, ruwan da ke juyawa a bayan gilashin mashin ya riga ya rine. Shuɗi ne mai duhu, irin na ramin marina, kuma a cikinsa bargon da ta yi hunturu uku tana haɗawa yake ta wulwulawa.

Ta kama murfin ta ja. Ko motsi bai yi ba.

"Sista, zo ki gani. Yana zuba."

Tabitha, maƙwabciyarta 'yar Jos da ke aikin nas a wani asibiti nan Tottenham, ta ajiye fararen kayan aikinta da take ninkewa, ta zo ta duƙa gaban gilashin.

"Me kika saka a ciki, Zinatu? Tawada?"

"Turkuɗin Inna ne. Shi na yi wa bargon baki da shi."

"Kika saka turkuɗi a ruwan zafi? Ke 'yar Kano?"

Baturiyar da ke tsaron shagon wankin ta fita shan shayi. Mashin kuwa ba ya buɗewa sai ya gama abin da ya sa gaba. Haka suka zauna a kan benci suna kallo, kumfa tana hawa tana sauka, wani lokaci jan fure ya lafe a jikin gilashi kamar yana neman hanyar fita, sai ruwa ya sake janye shi.

Da zannuwan mahaifiyar Zinatu aka haɗa bargon. Da Inna ta rasu, Zinatu ce babba, ita aka danƙa wa akwatin, ta taho da shi London lokacin da gwamnati ta turo mijinta Maharazu kwas. Ƙanwarta Luba tana makarantar kwana a lokacin, ko ɗankwali ba ta samu ba, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta tambaya ba. A ajin ɗinkin yamma na kansil, wato hukumar unguwa, Zinatu ta ga yadda tsofaffin Turawa ke yanka ƙyallaye su haɗa su, su shimfiɗa auduga a tsakiya, su ɗinke ya zama bargo, abin da suke kira kwilt. Ta fara guda uku, duk suna ƙarƙashin gado ba wanda ya kai ƙarshe. Maharazu yakan ce, yanzu da kuɗin fetur ya sa mutanen gida ke zuwa Oxford Street suna kwasar barguna kamar a kyauta, me zai sa mutum ya tsiyayar da idonsa a kan tsumma? Sai da labari ya zo cewa Luba ta kusa haihuwar fari, Tabitha kuma za ta tafi hutu gida a ƙarshen mako ta jirgin Kano, sannan Zinatu ta jawo na zannuwan Inna ta zauna masa. Ƙyallen baki ya ƙare mata, ta ɗauko turkuɗin ta sa almakashi. Malamar ajin ta ce a wanke fuskar bargo kafin a sa auduga. Ita kuma ta bi maganar malama, ta manta Inna ba ta taɓa kai wannan zane kusa da sabulu ba. Shanya shi take a inuwa, ta turara shi, ta ninke.

Da mashin ya saki murfinsa, suka cusa bargon a jakar leda suka yi gida da sauri, suka haye bene zuwa ɗakin Zinatu. Tabitha ta cika baho da ruwan sanyi, ta juye gishirin kicin gaba ɗaya.

"Cire awarwaronki. Kama can, in kama nan."

Suka ɗauraye, suka zubar, suka sake tarawa. Ruwan farko ya fita baƙi ƙirin, na biyu kamar sararin magariba. Yatsunsu suka ƙage don sanyi. Sai da ruwa ya fara fita garau suka matse shi, suka rataya a igiyar da ke tsakiyar ɗaki, gaban hitar kananzir.

Zinatu ta ja da baya ta tsaya.

Babu fari ko ɗaya. Atamfar nan mai ruwan ƙwai da Inna ke ɗaurawa ranar sallah ta koma kore.

"Wannan kam miyar kuka ce," in ji Tabitha. "Saura tuwo."

Zinatu ba ta yi dariya ba. Ta matsa kusa tana bin ƙyallayen da ido ɗaya bayan ɗaya. Ga mai tsuntsaye, ga mai makullai, ga mai ganyen gwanda. Duk suna nan, sai dai sun nutse, kamar abin da mutum ke hangowa a ƙasan kududdufi bayan ruwa ya kwanta. Tururi ya fara tashi daga jikin bargon, da shi kuma wani ƙamshi ya taso wanda sabulun Turawa bai iya kashewa ba, ƙamshin shuni da tsohon turaren wuta. Hasken taga ya dusashe mata. Ta ji kamar tabarma ce a ƙarƙashin ƙafarta, ba kafet ba. Can nesa bas ya wuce, amma abin da ya iso kunnenta bugun masu bugu ne a bayan gidansu, tim, tim, suna fito da ƙyallin zane a kan gungume. Inna tana tsakar gida ta ba ta baya, tana ɗaura ɗamara, ta duƙa ta ɗauki jaririya ta saɓa. Wuyan Inna shuɗi-shuɗi ne inda zanen ke gogarsa. Jaririyar ta juyo da fuska, kumatunta ma haka.

"Zinatu. Ke nake wa magana."

"Na'am, Sista."

"Na ce ki ba ni reza in farke miki bakin nan. Ina da wani yadi ruwan toka da na saya a kasuwar Ridley Road, mu maye shi da shi. In kika bar turkuɗin, duk ranar da ya ga ruwa sai ya sake zuba. Ko gumin yaro ya isa. Ƙanwarki za ta ɗaga ɗanta da safe ta gan shi kamar an tsoma shi a bula."

"Haka ita ma ta tashi."

"Wa?"

"Luba. Da wannan zanen aka goya ta. In Inna ta sauke ta, ni ake ba tsumma in goge mata kumatu. Sai in ƙi gogewa, don ina ganin ya yi mata kyau." Ta kama gefen bargon ta murza a yatsa. "Ita ba za ta tuna ba."

Tabitha ta dube ta, ta dubi bargon. Ta goge hannu a siket, ta bar shatin yatsu biyar a jiki, ta yi tsaki.

"To, in ta ce kin lalata kayan uwarku fa? Ni zan kai, ni zan sha maganar."

"Ki ce mata kada ta wanke. Ta shanya a inuwa, ta turara. In ta ga yaron ya yi shuɗi, ki ce na ce ta bar shi ya kai azahar a haka."

"Ni nas guda, in je in ce a bar jariri da datti."

"Ba datti ba ne, Sista."

"Na ji. Kawo audugar mu auna tun yana bushewa. Ke kina kama ɗinki kamar mai tsoron allura, in na bar ki ke kaɗai sai yaron ya shiga firamare."

Zinatu ta durƙusa ta jawo naɗin auduga daga ƙarƙashin gado, ta ture sauran biyun da ba a gama ba can ciki. Suka shimfiɗa zanen da zai zama bayan bargon a ƙasa, suka daidaita auduga a kai. Ta zaɓi farin zare, ta lasa bakinsa, ta ɗaga allura wajen taga. Kafin ya shige, zaren ya ɗauki launin yatsunta. Ta ƙulla shi haka nan.

A lokacin aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Tabitha ta buɗe. Wata mata ce mai jiki, da kwat ɗin maza a kan zani, tana haki saboda bene. Ba wadda ta taɓa ganinta a cikinsu. Da ta buɗe baki suka ji Hausar zangon Kumasi.

"Salamu alaikum. Wane ne ya wanke baƙi a mashin na bango? Kada ku ce ba ku ba ne. Ruwan jakanku na bi, ya ɗiga tun daga shago har bakin ƙofa."

Ba ta jira amsa ba. Ta zazzage abin da ke hammatarta, ta ɗaga shi da hannu biyu. Babbar riga ce ta farar shadda, mai aikin hannu tun daga wuya har ciki, ta yi dabbare-dabbare da shuɗi kamar gajimare.

"Ba nawa ba ne," in ji matar. "Na Alhajin da nake ma aiki ne, bayan kun fita na sa shi a mashin ɗin. Da shi zai je gaisuwan manya yau da yamma. Yana ƙasa cikin mota."

Zinatu ta ɓoye hannayenta a bayanta. A titi aka danna hon, aka riƙe shi ba a saki ba, sannan suka ji an buɗe ƙofar mota an rufe.