Cikin da Aka Share Tas

Allurar sikelin ta tsaya a kilo goma sha ɗaya, ta ƙi gaba. Na ce wa nas ta sake ɗora 'yata Auta, wataƙila sikelin ne ya lalace. Ta harare ni, ta sake ɗora Auta. Goma sha ɗaya dai. Yarinya mai shekara huɗu, jama'a! Kafin gudawar nan ta kama ta, sha huɗu take.

Likitar ta tambayi abin da nake ba ta. Na zazzage jakata a kan tebur ina ji da kaina: kwalaben sirob biyar, da kafso ja da yalo da nake ɓarewa in kaɗa mata a shayi. Duk daga mai kemis na bakin layinmu ne, wanda muke kira Dokta, alhali kowa ya san da can batir da tocila yake sayarwa.

Ta daɗe tana jujjuya kwalaben.

"Wane aiki kike yi?"

"Shara da goge-goge a wani ofis. Hawa uku, ni kaɗai."

"To, haka kika yi wa cikin 'yarki. Kin share shi tas."

Wallahi har na yi murmushi, na ɗauka yabo ne.

Sai ta yi mini bayani. Wai a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ba sa ƙirguwa, su ke taya shi narka abinci, su ke tsare shi daga miyagun. Magungunan da na yi ta ɗura mata kuwa ba sa tambayar wane ne ɗan gida, wane ne ɓarawo. Kowa suke kashewa. Ta rubuta wani garin magani a 'yan fakiti, ta ce in riƙa kaɗa shi a yogot marar sukari, in haɗa mata da ayaba da wake da ganye.

"Ki dawo bayan mako biyu. Idan ta ƙara ramewa, sai gado, kuma jikin nan ba shi da sauran abin da zai bayar."

"Mene ne a cikin garin?"

"Ƙwayoyin cuta ne, amma masu amfani. Da ransu suke." Ta ɗan yi dariya. "Ban san wani suna da zan kira su ba."

*

Inna, mahaifiyata, ita ke riƙe Auta idan na tafi aiki. Na maimaita mata komai yadda na ji shi.

"Ƙwayoyin me?"

"Cuta, Inna. Amma masu amfani."

"Cuta mai amfani! Yau nake jin ikon Allah. Ke da kike dawo mana kullum hannu na warin bilic, ke ce kika je kika sayo cuta da ƙafarki?" Ta juya ga Auta. "Ƙawata, kin ji uwarki ta yi boko a yini ɗaya."

Amma ta karɓi fakitin ba gardama. Inna kuwa ba ta taɓa karɓar komai ba sai da gardama, ni ce dai gajiya ta hana ni lura.

Kullum na dawo sai in tarar da fakiti ɗaya fanko a kwandon shara, kofi a wanke. Auta kuwa jiya i yau. Idanunta suka zurma, ta daina bin kyanwar maƙwabta, ta koma kwanciya a bakin ƙofa tana kallonta. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na fara zagin likitar a zuci. Wata rana Dokta ya leƙo ta tagarsa ya ce, "Maman Auta, an kawo sabo mai ƙarfi fa." Na tsaya, har na taɓa jakata, sannan na wuce.

*

Ranar komawa awo na roƙi a sallame ni da hantsi. Na shigo gida na ji ƙauri daga kicin.

Inna na tsaye gaban risho. Yogot na ɓararraka a ƙaramar tukunya, duk ya tsinke, tana zazzaga garin a ciki tana juyawa.

"Inna! Me kike yi haka?"

"Sai ya tafasa sau uku nake sauke shi," in ji ta, tana share gumi da gefen ɗankwali. "Kullum. Ko ɗaya ba ya kai labari. Ki kwantar da hankalinki, ba zan zuba wa jikata cuta da ranta ba."

Fuskarta sai annuri take. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na gane fuskar. Da irinta na zazzage kwalabe biyar a teburin likita. 

Ta hura cokalin, ta durƙusa gaban Auta. "Ha, ƙawata. Tsaf yake."

Na riƙe hannun Inna a hankali, na karɓi cokalin na ajiye. Fakitin ƙarshe ke nan a tukunyar.

Na ɗauki Auta na goya, za mu tafi awo. Zanin goyon da a bara sai na yi ta fama kafin ya ɗauru, yau ya zagaye mu duka biyu har ya yi saura.