Ranar da Kurkunu Ya Zaunar da Dogo

Ƙanena Dogo, ko tuwo za a kai wa baƙo sai ya leƙa ƙwaryar. Fatoma ne a Maigatari: masu shanu daga wajen Damagaram a gidansa suke sauka, shi ke sayar musu a kara, wato kasuwar shanu. Ni kuwa Hajjo, yayarsa, ni ke girka abin da suke ci tun rasuwar mijina. Yana da wakili, Ilu, magidanci har da furfura a gemu, amma wakilin a baki ne kawai. Riƙe igiya, ɗebo ruwa, je ka kira wane. Shi ke nan.

Ban cika ganin laifinsa ba. A shekarar babbar yunwa wani da ya amince wa ya kora shanun baƙi ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransi ke mulki, sai da Dogo ya rabu da gonar gado don ya biya su. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

To, sai ga kurkunu ya fito masa a ƙafa, ta kumbura kamar tulu, ko bakin zaure ba ya iya takawa. A makon ne kuma Mati ya sauka da garkensa. Mati shi ne babban baƙon gidan. Inda ya sauka nan sauran ke sauka, ranar da ya tashi kuwa murhuna ya mutu.

Alhamis kasuwa ta ci. Dogo ya ce da Ilu, "Duk wanda ya taya, ka zo ka gaya mini."

Wayyo Ilu! A taya bijimi, ya sheƙo gida a guje. Dogo ya ce albarka, a ƙara. Kafin Ilu ya koma mai saye ya yi gaba. Haka ya yi ta safa da marwa cikin yashi, gumi sharkaf, har rana ta take tsaka ba a sallama ko maraƙi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin ƙanena kuma ya cika ni.

Ilu na tsaye yana haki, sai ga Mati da kansa, ko zama bai yi ba. "Dogo, Allah ya ba ka lafiya, amma ni ba jinya na zo ba. In aka yi azahar a haka, zan kora shanuna gidan fatoma Ubale."

Na yar da muciya na leƙo zaure. "Kai Dogo, ƙafa ce ke ciwo ko kai? Bawan Allahn nan ya tsufa a gindinka, har yau ba ka yarda ya san sa daga saniya ba?"

Ya sunkuyar da kai, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yaya, in ya yi kuskure fa?"

"Zai yi mana! Kai da ka iya, daga sama ka faɗo?"

Na zaci zai yi fushi. Can ya nuna gefen tabarmarsa ya ce, "Ilu, zauna." Ilu ya waiga ko da wani ake.

"Tayin da ka ga ya yi, ka sallama, ba sai ka zo ba. Mai sayen da ba ka san maigidan da zai tsaya masa ba kuwa, kada igiya ta bar hannunka. Wannan kaɗai na hana ka. Kada in sake ganinka sai la'asar." Ya juya wajen Mati. "Bakin Ilu bakina ne."

Wunin nan Dogo ya sha wuya, ba ta ƙafa ba. Ko akuya ta gifta sai ya ɗaga kai. Ya ce in aika a dubo masa kara, na ce Allah ya kiyashe ni, na miƙa masa kunu.

Da la'asar sakaliya Ilu ya dawo, murya a dishe. Shanu sun tafi, saura wata jar karsana da ya hana wani baƙon ido. Da ya faɗi yadda ya sallama babban bijimin, na ga leɓen Dogo ya motsa. Da shi ne da ya ƙara ja. Na zuba masa ido. Ya haɗiye, ya ce, "Madalla. Sannu da aiki."

Mati bai tashi ba. Da kasuwa ta zagayo ma sababbin baƙi ya turo mana. Suka yi sallama, ga Dogo zaune a zaure da ƙafa a miƙe, suka gaishe shi sama-sama, babbansu ya ce, "Nan ne gidan Ilu?"

Na leƙo daga cikin gida. Na ga idon ƙanena ya kawo ruwa, mutumin da kara duk ta san muryarsa.

Ya goge fuska da hannun riga, ya gyara zama.

"Nan ne," in ji shi. "Ku shigo. Yaya, a kawo wa baƙin Ilu ruwa."