Sunan da Za a Buga a Akwatin Baird

"Ke wace ce, kuma wa ya nuna miki gidan?" na tambaye ta, ina tsaye a bakin ƙofar Alec Baird da kwanon romo a hannu.

Wata tsohuwa ce siririya, da baƙar hula da jakar tafiya. Ta ce sunanta Isbel Muir, daga Paisley ta Scotland ta taso a jirgin ƙasa, wajen yayanta Lachlan ta zo.

"Babu wani Lachlan a layin nan, baiwar Allah. Kin yi ɓatan kai."

"Na ga hotonsa a jarida, cikin tsoffin 'yan ƙwallo. Kunnuwan gidanmu ba sa ɓuya."

Ni Hetty Ormerod ba yau aka haife ni ba. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da Alec, ko wasiƙa ban taɓa ganin an kawo masa ba. Sai yanzu da likita ya ce ba zai ga Lahadi ba dangi za su tsiro? Kafin in bar ta ta shiga, sai da na ɗauke lambar azurfar da ya ci wa ƙungiyar garinmu daga kan murhu, na jefa a aljihu.

Tana cire hula tana ba ni labari. Wai lokacin da yayan nata yake saurayi haramun ne a biya mutum don ya buga ƙwallo. Sai a sauko da yaran Scotland nan Lancashire, a rubuta su a masaƙa da sunan ma'aikata, alhali ko zare ba sa taɓawa. Babansu dattijon coci ne, ya rantse ɗansa ba zai sayar da ƙafarsa ba. Shi ne Lachlan ya gudo, ya ari suna.

"Labari mai daɗi," na ce. "Zauna can inda zan riƙa ganinki."

Ana haka Duckworth kafinta ya leƙo da fensir a kunne. Mutumin nan bai san kara ba.

"Hetty, me zan buga a murfin akwatin gawar? Baird, ko akwai ƙari?"

"Haba Duckworth! Mutum yana numfashi!"

"Ai shi ya aiko tun watan jiya in auna shi."

"Muir za ka buga," in ji tsohuwar.

Raina ya ɓaci. Garin nan kaf Baird ya sani. Baird aka yi wa ihu a fili ranar da ya bar masu tsaron baya uku a zaune cikin taɓo. In aka binne Muir, wa zai zo?

Muka hau sama, ina bayanta ina kallon hannayenta. Kwana biyu Alec bai yi magana ba, ko ni da ke juya shi bai kula ni. Ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Lachie. Tashi, an kaɗa ƙararrawar coci."

Wallahi sai ga idanu sun buɗe. Ya daɗe yana kallonta.

"Isbel," ya ce, murya kamar ta yaro. "Baba ya gane?"

"Baba ya rasu shekara talatin ke nan."

"To bai ji ba."

"Ya ji. Duk Litinin yakan aike ni in sayo jaridar Ingila, wai don farashin kwal. Shafin baya, na wasanni, yake fara buɗewa."

Alec ya rufe ido. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na fito da lambar, na danƙa mata ba tare da na dube ta ba.

Da la'asar Alec ya cika, lokacin da masaƙa ke tashi, layi ya cika da ƙarar takalman katako.

Na sauko na sami Duckworth a zaune kan matakala.

"Wanne?"

"Lachlan Muir," na ce. Bakina ya yi nauyi da sunan.

Ranar jana'iza tsoffin abokan wasansa huɗu suka zo da sanduna, suka karanta murfin, suka dubi juna, ba wanda ya tambaya. Ashe sun sani. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Isbel ta bar mini takalman ƙwallonsa. Na shafa musu mai, na ajiye a taga. A cikin na hagu, da tawadar da ta kusa gogewa, an rubuta Baird.