Tokar Yaya da Yadi Goma

…ga shi nan kuwa, yaranmu sun sake. Dama uku a banza, a ta huɗu su daka ƙwallon da ƙafa su miƙa wa baƙi. Uku, su daka. Uku, su daka. Tun ƙarfe ɗaya na rana nake tsaye a bakin filin ƙwallon Amurkan nan da sanda a hannu kamar mutum-mutumin gona, Yaya, yatsun ƙafata ma na daina jin su. Yadi goma fa! Tsawon sarƙar nan da ke tsakanina da Dwayne, shi ke nan. Dama huɗu ake ba su su ci yadi goma, in sun ci mu ɗaga sarƙa mu matsa gaba, a sake ba su huɗu. Mene ne abin wuya a ciki? Kai da ƙurar kwal ta cinye maka huhu, a watanka na ƙarshe, yadi goma kake yi daga gado zuwa banɗaki. Kana tsayawa sau biyu ka dafa bango. Amma kana kaiwa.

Su kuwa… mtsw.

Kuma da sunanka a ƙeyarsu. Wannan ne ke tayar mini da zuciya. Sun manna R da T a bayan kowace hular kwano, Royce Tackett, wai kakar wasan bana taka ce, shekara talatin da ɗaya kana riƙe wa makarantar nan sarƙa ba a taɓa ba ka ko kofin shayi ba. Yanzu duk wanda aka kayar, sunanka ne ke kallon sama. Duk wanda ya kifa a laka, kai ne a ƙeyarsa. Tir.

Ga baƙi sun karɓa. Matsa, Dwayne. Matsa mana, bawan Allah, aljihu za ka sa wayar nan ko sai na karɓe ta? Mijin 'yarka ke nan, shi aka ba sandarka. Yana riƙe ta kamar an ba shi jaririn wasu. Ɗazu yake ce mini, “Baba Wendell, saura minti nawa a tashi? Na bar nama a kan wuta.” Nama. A gurbinka fa yake tsaye.

In baƙi ne da ƙwallo ba ma hutawa. Gudu, kafa sanda, ja sarƙa, gudu. In namu ne kuwa sai in kafa sandar in jingina, in na so ma in yi gyangyaɗi, na san ba inda za ni. Kuma a gefen baƙi ƙa'ida ta ce masu sarƙa su tsaya, a cikin tofe-tofensu da dariyarsu, baki a rufe. Ba tafi, ba ihu. Kocinsu ma ya fitar da manyan 'yan wasansa tun ɗazu, ya zuba ƙanana, saboda tausayi. Tausayi! Gara ya zage mu.

Gwangwanin yana nan. Aljihun ƙirji, hagu. Na taɓa shi sau nawa yau? Gwangwanin tabarka, wanda murfinsa ya lotsa. Matarka Jolene ce ta ɗebo mini tokar gawarka da cokalin shayi, sauran tana kan kabad ɗinta kusa da hoton aurenku. Bai kai nauyin ƙwai biyu ba. Kai da kake cika ƙofa in ka tsaya…

“Wendell. Kai, kurma. Matso nan.”

Warin asibiti, da robar iska a hancinka. Na matso.

“Ranar da yaranmu suka shiga yadi goman ƙarshe, ka kwantar da sarƙa, sai ka zuba ni a wurin. A ƙarƙashin sarƙar. Ka ji ko? Yaranmu na ce. Ka zuba ni don baƙi, wallahi sai na dawo na shaƙe ka.”

Na ce to. Me zan ce? Na san abin da kake so. In suka sami sabuwar dama huɗu a cikin yadi goman ƙarshe sarƙa ba ta da sauran aiki, layin ci kawai ya rage, sai mu kwantar da ita a ciyawa mu tsaya hannu sake. Nan ne kake murza tafin hannu ka ce mini ƙasa-ƙasa, “Bar ta ta huta, ƙanena, mu ma mu yi kallo.” Na ɗauka wasan farko zan cika maka. A watan tara, da rana mai daɗi, in zuba ka in tafi gida.

Wasa biyar ke nan a gida. Biyar, Yaya. Sau nawa na kwantar da sarƙar nan a bana? Na daina ƙirgawa. Duka don baƙi. Namu ko sau ɗaya ba su kai ba. Maki shidan da ke kan allon can ma ba masu kai hari ba ne suka ci, wani mai tsaron baya ne ƙwallo ta faɗo masa a hannu ya ruga da ita. Kuma yau ce ta ƙarshe. Ba ta bana ba, ta ƙarshe gaba ɗaya. Baɗi za a rufe makarantar, a kwashe yaran a bas a kai su ƙetaren kogi, wajen waɗannan da suke lallasa mu. Filin kuma an ce rumbunan ajiye kaya za a gina. To ina zan kwantar da sarƙa baɗi? A gaban ƙofar rumbu?

Ƙwallo ta dawo hannun namu. Zango na huɗu, na ƙarshe. Bari in gaya maka abin da za a yi, ba sai na duba ba. Kocinmu Bledsoe zai ce a kutsa ta tsakiya. Ga shi. Yadi ɗaya. Zai sake cewa a kutsa ta tsakiya… ga shi, yadi ɗaya, da ƙato uku a kansa. Daga can ƙetaren fili muryar wata mata ta tsallako har nan: “Koci! Kakata da ke kabari ma ta san inda ƙwallon za ta bi!” An yi dariya. Ni ban yi ba. Dama ta uku, ana neman takwas. Takwas ake nema, me mai jifan ya yi? Ya jefa ta yadi uku. Uku! Wa ya koya musu lissafi? Ni a aji tara na bar makarantar nan na bi babanmu ramin kwal, amma na san uku ba takwas ba ce. Ka ga sandar nan? Ja ce, tana da tsawo, makaho ma zai gan ta. Nan za ka kawo ta, ɗana, nan inda tsohon nan yake tsaye!

Ban faɗa ba. Baki a rufe.

Sai in na shiga mota nake faɗa. Kai ka sani. In ɗora ka a kujerar gefe, inda kake zama, in zage su tun daga ƙofar makaranta har gida. Masu tarewa da ba sa tare kowa. Masu cafewa da hannu kamar an shafa musu man shanu. Kai kana ji. A da kai ne kake zagin, ni ina tuƙi. In mun isa in ɗora ka a kan teburin kicin, in dafa wake, in ci a tsaye. Ni da ban taɓa ajiye iyali ba, wa zan gaya wa in ba kai ba?

Za su daka ta. Sun daka. Ta tashi kamar agwagwa mai ciwo, ta… tsaya. Tsaya! Ta suɓuce wa yaron baƙi! Ta buge shi a ƙirji ta faɗi, ga su can sun taru a kanta kamar karnuka a kan ƙashi, Lyman alƙalin wasa yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana nuna hannu… namu! Tamu ce!

Gudu, Dwayne! Gudu, don iyayenka!

Yadi goma sha takwas daga layin ci. Ba su suka kawo kansu ba, kyauta ce, sadaka ce aka jefa musu, amma ba ka ce mini sai da guminsu ba. Dwayne ya kafa a kan sha takwas. Na ja sarƙa, na kafa tawa a kan takwas. In suka taɓa sandata, sun sami sabuwar dama huɗu a cikin goman ƙarshe. In kwantar da ita. In buɗe murfin.

Na sake taɓa aljihun.

Ta farko. Tsakiya, mana, ina kuma? Yadi biyu. To, biyu ma wani abu ne. Ta biyu… usur. Ƙyalle rawaya a ƙasa, alamar laifi. Wani ƙato a layin gaba ya zabura tun ba a saki ƙwallo ba, a koma baya yadi biyar. Shekara huɗu yana wannan wasa bai iya tsayawa cik na daƙiƙa uku ba. An sake. An jefa, ta zo wa yaro har ƙirji, ba kowa kusa da shi, shi kaɗai kamar a falon uwarsa, ya sake ta. Ya tsaya yana kallon hannuwansa. Me kake kallo? Naka ne, da su ka zo.

Wata takwas ke nan rabon da in ji tarinka ta waya da safe. Har tarin nake nema.

Ta uku. Baƙi sun ɓarke wa mai jifan, ya ga mutuwa ya ruga don tsoro, ba don dabara ba, yadi tara. Saura huɗu. Dama ta huɗu, saura yadi huɗu, minti biyu a agogo. Ba za su daka ba, babu amfani. Jolene ta miƙe tsaye a can, na gane jar hularta. Ta sani. Duk garin ya sani, Jolene ba ta iya riƙe magana ba ko ta minti ɗaya.

An ba mai gudunmu ƙwallon, yaron Hensley. Ya kutsa, an riƙe shi, yana tura ƙafa, yana turawa, sun zube… a gabana. Daidai gabana. Ban iya gani ba. Lyman ya hura usur, ya kaɗa hannu, a shigo da sarƙa a auna.

Muna shiga fili. Ƙarar sarƙa a ciyawa. Mataimakin Lyman ya riƙe alamar da ke jikin sarƙa ya ɗora a kan layi, Dwayne ya kafa tasa a baya. Ƙa'ida ita ce in miƙa wa Lyman sandata, shi ya ja. Shekara talatin da ɗaya haka ake yi. Na miƙa. Bai karɓa ba.

“Ja da kanka, Wendell,” in ji shi, a hankali, yana kallon takalminsa. “Kafaɗata na ciwo yau.”

Kafaɗarsa lafiya lau take. Ya zo addu'arka a coci, faranti biyu na kaza ya ci da wannan kafaɗar. Na gane. Dama yake ba ni. In na bar ta ta ɗan saki, ɗan kaɗan, ciki ɗaya a tsakiya wanda ba mai lura, hancin ƙwallon zai wuce sanda. Wa zai yi magana? Baƙi sun ci wasa tun zango na biyu. Kocinsu ma kauda kai ya yi. Kowa ya kauda kai, Yaya, fili guda, saboda ni. Sadaka a kan sadaka.

Ranar farko da ka kawo ni aikin nan, ka buge mini hannu a gaban mutane. “Ja ta ta miƙe, sakarai! Sarƙar nan ba ta san yaranmu ba, ba ta san nasu ba.”

Kai ka ce in zuba ka. Kai kuma ka ce in ja. Wanne zan…

Na ja.

Na ja har ta yi ƙara, har sandar Dwayne ta girgiza a hannunsa. Na kafa. Zobe ɗaya. Tsakanin hancin ƙwallo da sanda, zoben sarƙa ɗaya, ɗan yatsana ma da ƙyar zai shiga. Lyman ya daɗe yana kallon wurin. Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya nuna hannu wajen baƙi.

Yaron Hensley ya cire hula ya zauna a ƙasa. R da T na kallona daga ciyawa.

Baƙi ba su ma ƙara wasa ba. Durƙusawa suke yi da ƙwallon, sau ɗaya, sau biyu, agogo na cinye kansa. Usur. Shi ke nan filin. Dwayne yana naɗe sarƙa a gwiwar hannu, a karkace, namansa na jira.

Na yi daidai. Ko ba haka ba? Abin da ka koya mini na yi. Laifinsu ne, yadi goma, dama huɗu, an kawo su har bakin ƙofa sun kasa… laifinsu ne. Laifin Bledsoe. Laifin mai hannun man shanu.

To me ya sa da na ga zoben nan ƙirjina ya saki? Me ya sa na ji numfashi ya dawo mini, kamar wanda aka ce masa ba shi za a yi wa tiyata ba? Ja na yi na gaskiya, ko ja na yi na… ai ban taɓa jan ta da ƙarfi haka ba. Ko sau ɗaya, a shekara talatin da ɗaya. Wasa biyar ina tsine wa yaran nan a mota, kai a kujerar gefe. Da sun kai tun watan tara na zuba ka, da wa zan yi ta zagin?

Gwangwanin ya yi ɗumi. Jikina ne ya ɗumama shi, na sani.

Ga jar hular can ta sauko daga benci, tana tsallako fili, a hankali, da sandar tafiyarta. Yadi hamsin tsakaninmu. Arba'in. Za ta tambaye ni, Yaya. Hannuna na kan aljihu, ya ƙi sauka…