Tanna Za Ta Koyo Japananci

Tanna na cikin kwashe tokar murhu yayanta Cha'ibu ya shigo, ya ajiye mata takarda a kan turmi.

"Ga ta nan, an ɗauke ki. Malamar makaranta ta kwantiragi a lakwal ɗin Bawdeta. Litinin za ki fara."

Ba ta taɓa takardar ba. Akwai wata a ƙasan akwatinta, sati uku ke nan, wadda ta zo daga Yamai. An ba ta bursu, wato tallafin karatu, ta tafi wata jami'a a ƙasar Japan ta karanci harshensu, kuma ranar Alhamis ce ta ƙarshe da za ta je ta sa hannu. Yau Talata.

"Yaya, na gaya maka ba ni so."

"Ba ki so? Leƙa garke ki gani."

Ba sai ta leƙa ba. Damina ta ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, shanun babansu Sidi suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. A garinsu Kanan-Bakashe yanzu sau ɗaya ake ɗora tukunya. Sojojin da suka karɓi mulki a farkon shekara sun faɗa a rediyo cewa akwai yunwa a ƙasa, amma faɗin bai cika rumbun kowa ba.

Sidi na zaune a gindin bedi, rawaninsa ya rufe rabin fuska. Cha'ibu ya ja ta har gabansa.

"Baba, ka ji ɗiyarka. Ga aiki a hannu, ita sai yaren mutanen da ko a taswira ba mu san inda suke ba."

"Ni na sani," in ji Tanna.

Ta durƙusa. Tun tana aji biyu a kwaleji ta fara koyon harshen, wajen wata Bajapaniya 'yar sa-kai da ta yi shekara biyu tana awon jarirai a Mayahi. Matar ta koma gida, ta bar mata littafi guda, Tanna ta bi shi har bangonsa ya rabu.

"Mi za ki yi da shi?" Sidi ya tambaya a hankali.

"Baba, ka tuna da mutanen Japan suka zo duba rijiyoyi? Kai ka yi magana da Hausa, wani ya juya da Faransanci, wani ya sake juyawa. Ka ce musu wurin nan dutse ne, kada su haƙa. Kafin maganar ta kai kunnensu ta zama godiya. Suka haƙa, ba ruwa. Ina tsaye a wurin, na ji, ban da bakin gyarawa."

"Shekara nawa za ki yi can?"

"Biyar."

Cha'ibu ya yi dariyar takaici. "Biyar! Mu ci mi kafin nan? Ni kaɗai zan riƙe gidan nan?"

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce. Ta dubi ƙafafun yayanta da suka tsattsage wajen neman ciyawa, ta ji kunya ta rufe ta. Amma ta ɗaga kai.

"Na san na bar maka kaya, Yaya. Ka yi fushi da ni, kana da hakki. Amma in na zauna, fari na gaba ma haka zai same mu, ina riƙe da alli. Zan tafi."

"Ban yarda ba," in ji Sidi.

"Na ji, Baba."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Innarta Lalla ta ƙulle mata ɗan garin gero a leda ta cusa cikin akwatin. Cha'ibu ya ɗauki babur ɗin maƙwabci da ya aro, ya fice, don kada ma ta roƙe shi ya kai ta titi.

Da hantsi Tanna ta ɗora akwati a ka ta kama hanya. Motar Tasawa ba ta shigowa sai ranar kasuwa, dole ta taka har bakin babban titi. Ta wuce gonaki, kara tsaye ba zangarniya. Ba ta waiwaya ba sai da ta ji ƙarar taya a bayanta.

Sidi ne a kan amalanke, jakinsu da ya rage yana ja da ƙyar. Ya tsaya daidai ita, idonsa a kan hanya.

"Baba, ka yarda ke nan?"

"Ban yarda ba," ya ce. "Hau. Rana na yi."