Cunkoso a Cikin Kan Direba

Direba ya yarda yana ɗan mantuwa, irin ta kowa: neman tabarau alhali yana goshi. Amma ranar da 'yarsa Auta ta ƙwace masa makullin mota, ya ce sai an kawo shaida. Suka yi yarjejeniya: za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, in ta fito lafiya Auta ta mayar masa da abinsa.

Likita ta nuna masa wani ɗan lanƙwasasshen nama a allo. "Baba, wannan shi ne hifokamfas. Nan ƙwaƙwalwa ke ajiye hanyoyi. Za ka kwanta cikin na'ura, ka tuƙa a zuci daga tasha zuwa gida, mu ga yadda yake aiki. Kada ka motsa. In ka isa, danna wannan."

Aka tura shi ciki kamar aljihun tebur. Na'ura ta hau ƙara. Direba ya saurara, ya ce, "Injin nan naku yana son mai."

"Baba, tuƙi," in ji Likita ta abin magana.

Minti uku ake ba kowa. Minti ashirin suka wuce, Direba bai danna komai ba.

"Baba, ka isa?"

"Ina shataletale. Cunkoso ne."

"Ai a ranka ne! Ka wuce kawai."

"In bi ta kan mutane? Shekara talatin da huɗu ban taɓa ko akuya ba, sai yau don kina sauri?"

Auta ta karɓi abin magana. "Baba, bi ta bayan kasuwa mana."

"Ke wa ya koya miki tuƙi? Akwai rami a can."

Likita ta tsura wa allo ido. Ɗan naman nan ya kama haske, har ta kira abokan aiki. Suna tsaye Direba ya tsaya shan mai, ya yi faɗa da mai babur, ya rage wa wata tsohuwa hanya. Sai bayan awa ɗaya da kwata ya danna.

"Ban taɓa ganin irin wannan ba," in ji Likita. "Taswirar gari kaf tana kansa."

Auta ta miƙa masa makulli. Ya karɓa yana hura hanci, ya fita yana kaɗa shi a yatsa, ya zagaya wurin ajiye motoci sau biyu.

Motar dai tun bara ya sayar da ita.